Haƙorin Taya da Shekarunta: Nazari kan Al'adar Gyaran Mota a Kaduna

Wanda ya bi titin Ali Akilu ta Unguwar Sarki ya nufi Kawo ba zai yi nisa ba sai ya ga mai faci da injin iskarsa da tsofaffin tayoyi jibge a gefe. Daga Kawo hanya ta miƙe zuwa Zariya da Kano, kuma a Mararrabar Jos tireloli da tankoki kan yi jerin gwano suna jiran lodi ko gyara. Masu faci da kanikawan da ke riƙe da waɗannan motoci sun gaji sana'ar ne hannu da hannu, yaro ya zauna gaban maigidansa shekara da shekaru har a yaye shi. Ilimi ne na gaske, sai dai yana da gurbi guda. Ya ƙware wajen gane abin da ya cinye ko ya karye, amma bai tanadi ma'aunin abin da tsufa ya lalata ba, alhali taya da boris da birki duk ta wannan ɓoyayyar hanya suke cin amanar direba.

A fara da taya. Mai saye yakan zura yatsa cikin haƙorinta, ya duba gefenta ko akwai faci, idan haƙori na da zurfi sai a shiga ciniki. Amma roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Iska da zafi da hasken rana suna busar da ita, danƙon da ke riƙe wayoyin ƙarfe na cikinta ya yi rauni, har wata rana ana cikin gudu da lodi bayanta ya ɓare gaba ɗaya. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne tayar da ke ajiye ta fi saurin tsattsagewa, domin masu ƙera taya suna cuɗa robar da wani sinadari mai kare ta, wanda juyawa da lanƙwasawa ke fito da shi saman fata. Masu jan ɗakin kwana a bayan mota a Amurka da Turai sun daɗe da sanin haka, tun da tirelarsu takan shafe yawancin shekara a tsaye, kuma sukan zubar da taya haƙorinta bai ko taɓu ba. A nan misalinta shi ne safaya da ke rataye shekara da shekaru, da motar da ta daɗe a gareji ana jiran kuɗin inji. Shekarun kuwa a rubuce suke a jikin kowace taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, tsarin da ake bi tun shekarar 2000: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Karanta wannan bai kai wahalar karanta lambar waya ba, amma ba ya cikin abin da maigida ke koya wa yaronsa.

Yadda tsofaffin tayoyi suka cika kasuwa yana da tarihi. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya, tayar hannu 'yar Kwatano ta zama abin yau da kullum. Hukumar kwastan ta sa tayar hannu cikin kayan da aka haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin gingimari da ake kawowa don a sake musu baya, amma kowa ya san ba ta yanke a kasuwa ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta sha kama sababbin tayoyi da aka cusa wata cikin wata don rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya tun ba ta taka kwalta ba.

Za a ce batun shekarun taya maganar mai ƙoshi ce, domin mai tirela da ke da taya goma sha takwas ko fiye ba zai zubar da mai haƙori saboda wata lamba ba. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma saɓanin hukuma da masu ƙera taya ya ƙara masa ƙarfi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa wa'adin taya shekara huɗu ne, alhali Michelin cewa yake a riƙa kai wa gwani ya duba kowace shekara bayan shekara biyar, a canza idan ta kai goma. Direban da ya ga tayar shekara shida ta kai shi Legas ta dawo zai ɗauki maganar hukuma a matsayin hanyar tara kawai. To amma saɓanin kan adadi ne, babu wanda ya ce shekaru ba su da tasiri, kuma zafin kwaltar Kaduna a watan Maris da Afrilu, ga lodin da ya wuce ƙa'ida, duk suna jan lissafin zuwa ƙasa. Birtaniya ma ba ta ce a zubar da komai ba. Bayan haɗarin wata bas a 2012 wadda tayarta ta gaba ta haura shekara 19, sai ta hana sa tayar da ta wuce shekara goma a ƙafafun gaba na manyan motoci daga Fabrairun 2021. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya ɗaukar wannan dabara ba tare da ya ƙara kashe ko sisi ba: mafi ƙuruciya ta tafi inda sitiyari yake.

Boris da birki sun fi taya ɓuya, kuma a nan ne ya kamata a yaba wa al'adar kafin a kushe ta. Tsohon direba idan ya tsaya yakan zagaya motarsa yana ɗora bayan hannu kan cibiyar kowace ƙafa, yaron mota kuma yana bugun tayoyi da ƙarfe yana sauraron amo. Wannan bincike ne mai ma'ana, domin ƙafar da ta fi 'yan'uwanta zafi tana nuna ko boris ya bushe ko birki na kamawa. Matsalar ita ce hannu ba ya jin zafin sai ɓarna ta riga ta fara. Giris yakan tsufa ya rabu da mansa, robar da ke tare shi ta saki, ruwan damina da ƙurar hunturu su shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ƙarshensa ko dai ƙafa ta fice ta bar mota, ko wuta ta tashi, kuma a jikin tankar fetur wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka birkin iska yake. Yayin da lainin ke cinyewa tazara tana ƙaruwa, idan ba a ɗaure ba sai wasu ƙafafu su daina kamawa, sauran su ɗauki nauyin duka, su yi zafi a gangara su sake. Direba ba zai lura ba a fili da mota babu kaya.

Me ya hana a buɗe a duba kafin lokaci ya ƙure? Ba jahilci ba ne, tsarin biya ne. Bakanike ana biyansa ladan abin da ya canza, ba a biyansa ladan abin da ya duba ya ce lafiya lau. Direba kuma daga kuɗin hanya yake gyara, duk abin da ya kashe a aljihunsa ya ragu, mai mota yana gida yana zargin ana cutarsa. A irin wannan zama, wanda ya ce a kwance ƙafar da ba ta yi ƙara ba shi ne abin tuhuma. Duk da haka kanikawan nan sun riga sun karɓi gyaran da ke bin lokaci a wuri ɗaya, wato juyen baƙin mai, wanda ake yi ba tare da jiran inji ya buga ba, har a rubuta ranar a manna. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi, waɗanda ke da iko a kan 'ya'yansu a Panteka da tashar Kawo, za su iya yanka farashin buɗe ƙafa da sake giris da ɗaure birki a matsayin aiki mai zaman kansa, a rubuta ranar da fenti a jikin shasi, kuɗin kuma ya fito daga mai mota ba daga kuɗin hanyar direba ba.