Sabon Ibadan Tsakanin Faifai da Kaset

Idan gardama ta tashi a Ibadan kan shekarar da Haruna Ishola ya yi waƙar Oroki Social Club, ba ta daɗewa. Ana ɗauko faifan, a ga sunan kamfanin Decca, a ga hoton mawaƙin, a tabbatar 1971 ne. Amma shiga Sabo, unguwar Hausawa, ka tambayi dattawan da ke zaune bakin masallaci yaushe Mamman Shata ya yi Bakandamiya. Kafin su ba ka amsa sai sun tambaye ka wacce, domin ya rera ta sau da dama, a wurare dabam-dabam, kowane karo da ƙari da ragi. Gari ɗaya, unguwa na kallon unguwa, amma hanyar adana waƙa ta sha bamban, kuma mu Hausawa ne muka fi yin asara a wannan bambanci.

An kafa Sabo a 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano. Shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa, a tsakani kuma akwai maigida da dillalansa, mai saukar da baƙo, ya tsaya masa lamuni. Abner Cohen, wanda ya zauna yana nazarin unguwar a 1962 da 1963, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa nesa da gida ba ta rage wa mutanen Sabo Hausanci ba, ƙara masa kaifi ta yi, domin da shi suke tsare kasuwancinsu. Irin wannan maigida shi ne ainihin ubangidan makaɗi. Makaɗan Arewa da ke yawon kiɗa a Kudu zango-zango suke bi, su sauka gidan mai hali, su wasa shi a biki ko suna ko naɗin sarauta, a yi musu kari, su wuce. Waƙa a wannan tsari abar taro ce. Tana da ubangida, tana da ranar da aka yi ta, amma ba ta da kwali.

Albam kuwa, wato kundin waƙoƙi, ɗan na'ura ne. Tsohon faifan garmaho minti uku zuwa huɗu yake ɗauka a fuska guda. A 1948 kamfanin Columbia a Amurka ya fito da faifai mai dogon zango, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar kusan minti ashirin. Mawaƙan rok na Ingila suka mayar da wannan fili abin tsarawa: wace waƙa za ta buɗe, wacce za ta rufe fuskar farko, wane hoto zai hau kwali. Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles a 1967 da The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a 1973 sun sa mai sauraro ya saba zama ya ji aiki daga farko har ƙarshe. Iskar ta iso Nijeriya da wuri. A 1973 ɗin nan 'yan makarantar Ofege suka fitar da Try and Love a Legas, Paul McCartney kuma ya zo ɗakin ɗaukar sauti na EMI ya yi yawancin aikin Band on the Run.

Sai dai ba 'yan rok ne suka fi ba ni sha'awa ba. Maƙwabtan Sabo ne, makaɗan gargajiyar Yarbawa, domin sana'arsu da ta makaɗanmu kusan ɗaya ce. Su ma yabo suke yi, su ma suna da iyayen gida, yawancinsu Musulmi ne. Yusuf Olatunji goge yake ja a kiɗan sakara. Haruna Ishola attajirai da ƙungiyoyin zumunta yake wasawa. Sikiru Ayinde Barrister, wanda Ibadan ke tutiya da shi, ya ciro kiɗan fuji daga waƙar tashin sahur ta watan azumi. Dauda Epo Akara ya yi kiɗan awurebe a cikin garin nan. Duk sun ɗauki faifan Bature suka lanƙwasa shi ya dace da su. Maimakon gajerun waƙoƙi goma, sai su cika fuska guda da kiɗa ba yankewa, yabo na bin karin magana, karin magana na bin wa'azi, kamar dai a filin biki. Ubangida ya biya, jama'a su saya, kamfani ya buga lamba. Faifan Olatunji har juzu'i-juzu'i ake ƙirga su. Haruna Ishola da I.K. Dairo ma sun haɗa hannu sun kafa kamfaninsu na Star Records. Shi ya sa yau mai nazari zai iya jera aikin Barrister ya ga inda murya ta nuna, inda aka ƙara ganguna, har zuwa Fuji Garbage na 1988.

Ba wai ba a taɓa buga makaɗan Hausa a faifai ba. An buga Shata, an buga Ɗan Maraya Jos, Bala Miller ma ya gwada haɗa harshen Hausa da jita da ƙahonin Turawa a faifansa. Amma faifai bai zama gidan waƙar Hausa ba. Kamfanoni da injinan bugawa suna Kudu. Makaɗin Hausa kuwa abin da zai samu a dare ɗaya gaban ubangida, doki ko mota ko kujerar Makka, ya fi abin da kamfani zai ƙirga masa. Ga kuma kallon da ake yi wa roƙo, wanda ya hana attajiranmu zuba jari a harkar ko da suna jin daɗin a ambace su. Sai rediyo ya cike gurbin, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wanda Bahaushen Sabo ke kamawa ya ji gida. Bayansa kaset ya zo.

Ban raina kaset ba. Shi ya kai Ɗanƙwairo da Barmani Choge da Haruna Uje ɗakunan da faifai bai taɓa shiga ba. Direban da ya ɗauko shanu daga Arewa yana tafe da sabon kiɗa a gaban mota, kafin ya juya an kwafa. Sabo, wadda ta rungumi Tijjaniyya tun farkon shekarun 1950, ta sami hanyar jin bege da ƙasida da tafsiri a duk lokacin da ta so. Amma kaset ɗinmu mai shago ne ke tsara shi. Shi zai zaɓi abin da zai shiga, ya yanke waƙa inda zare ya ƙare, ya rubuta suna da biro. Kwafi daga kwafi, har kalangu ya dushe. Shekara babu, sunan 'yan amshi babu, wurin da aka ɗauka babu. Ɗan Maraya ne ya fi ba ni takaici a nan. Gajerun waƙoƙinsa na kuntigi, na ɗan karen mota da na zaman aure da na masu ƙananan sana'o'i, da an jera su bisa tsari da sun zama cikakken kundi kan rayuwar talaka. Ya rasu a 2015 aikinsa na warwatse. Shi ma Shata, bayan rasuwarsa a 1999, sai da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka yi ta bin mutane da tambaya kafin su fitar da Shata Ikon Allah a 2006, suna neman abin da kwalin faifai zai faɗa a layi biyu.

Kano ce ta kawo mana kundi a makare, ta ƙofar fim. Waƙoƙin fiyano na finafinai irin Sangaya sun koya wa 'yan kasuwa cewa kaset ɗin waƙa kaɗai yana ciniki. Daga nan mawaƙa suka tsaya da ƙafarsu. Nura M. Inuwa ya saba wa masoyansa da jiran sabon kundi mai suna kusan kowace shekara, Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic da Ali Jita suka yi nasu. Da yawa daga cikin waɗannan kundaye tarin waƙoƙi ne kawai a kan kiɗa iri ɗaya, ba ginin da aka yi wa tsari ba, amma aƙalla suna da suna da shekara. Ba a jima ba waya ta karya kasuwar faifan CD. Masu tura waƙa suka gaji masu kaset, suna zuba ɗaruruwan waƙoƙi a katin waya, galibi ba tare da sunan kundin ba.

A cikin wannan hali ne Namenj ya fito, yaro mai waƙa da Hausa wanda ya tashi a Ibadan. Ya fara jan hankali da mayar da waƙoƙin Kudu cikin Hausa, shirin emPawa na Mr Eazi ya ɗauke shi, waƙarsa Dama da ya yi da Hamisu Breaker ta zagaya Arewa. Ana jin tashin Kurmi a yadda yake ɗora Hausa a kan kiɗa, ba ya jan baiti irin na 'yan fiyanon Kano, yana barin ganga ta yi numfashi. Kasuwar intanet waƙa ɗai-ɗai take biya, don haka matasa irinsa sun fi karkata ga guda ɗaya ko ɗan ƙaramin kundi mai biyar ko shida. Amma 'ya'yan unguwannin Sabo da Ojoo da Shasha suna riƙe da abin da mawaƙin Kano ba shi da shi. Sun ji kalangu a bikin gidansu, sun ji gangan da dundun a bikin maƙwabta, sun san gangunan nan duk masu magana ne, 'yan ɗaki ɗaya. Ina jiran wanda zai zaunar da makaɗan biyu a ɗakin ɗaukar sauti guda, ya ba su minti arba'in, ya rubuta sunan kowannensu a jikin aikin.