Injin gudu a gaban tele: dabara ce ko ruɗi?

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyinmu, a TikTok da Facebook: saurayi cikin kayan wasanni yana gudu bisa inji a tsakar ɗaki, ga ƙatuwar tele a gabansa. Saƙon kullum ɗaya ne: ka sayi injin gudu, ka aje shi gaban fim, kai da ƙyuya kun rabu. Har a fada an fara lissafin jikkuna nawa za a tara a kawo shi. Ni kam ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo.

Gaskiyar masu bidiyon guda ce, kuma ban hana su ita ba. Gudu a wuri ɗaya akwai gundura, kallo kuwa yana ɗauke hankali daga gajiya. Wanda ya ɗaure ma kansa cewa ba zai ga Daɗin Kowa a Arewa24 ba sai yana bisa inji, zai hau. Amma mu tambayi kanmu: me ya sa sai an yi ma mutum romon baka kafin ya hau? A 1818 wani injiniya, William Cubitt, ya ƙera kakan wannan inji don gidajen kaso na Ingila. Fursunoni ne ke taka shi, horo ne ake yi musu. Yau an sa masa mota da madannai, amma gundurar tana nan, shi ya sa ake lulluɓe ta da fim.

Matsalar ita ce, niyyar da aka rataya ga fim tana faɗuwa tare da fim ɗin. Shiri ya ƙare, ko ya daina daɗi, sai inji ya koma wurin shanya kaya. Kuma a nan Malbaza, tele da injin duk igiya ɗaya ta ɗaure su: kuran. Muna da tashar hasken rana mai megawat 7 tun 2018, amma wa ya manta da Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar? Ran da aka ɗauke kuran, ba kallo, ba gudu. Ga shi injin ya fi firji cin wuta idan yana aiki, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, kuma in ya lalace sai an sha yawon neman mai gyara.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne mutane. Ku dubi ƴan kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tahoua, wa ya ɗauki takobi don yana kallon fim? Abokin karawa ne ke tada shi, da makaɗi, da kunyar garinsu. Haka mai noman albasa a Galmi, ba ya neman dabarar da za ta sa ya motsa. Mu ƴan lakwal da ke wuni bisa benci, mu hau kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta kai mu, mu ne ke da wannan ciwo.

Ban ce injin ba shi da ranarsa ba. Matar da ba ta samun fita, ko dattijo mai ciwon suga da likita ya ce ya riƙa tafiya, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, in da hali, tele da inji sun fi zama. Amma su ba a nuna su a bidiyon, don ba lafiya ake tallatawa ba, falo ake tallatawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako ga baligi: minti 30 ke nan, kwana biyar. Kafin ka taɓa kuɗin karatunka, ɗan'uwa, nemi mutum biyu a fadarku, ku yi alkawarin fita bayan asuba har wata guda. In ka kasa tashi alhali suna buga maka ƙofa, to wallahi tele ba ta tada ka.