Ƙamus da Koyar da Fassara a Makarantun Sakandare

Wani malamin sakandare a Ƙofar Doka, cikin birnin Zariya, ya nuna mini littafin aikin ɗalibansa: kalmomin Ingilishi a hagu, na Hausa a dama, a haddace. Wannan hanya tana da rauni, domin ta ɗauka cewa kowace kalma tana da takwara guda ɗaya tak.

Mu ɗauki kalmar "ci". Bahaushe yakan ci tuwo, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci jarrabawa. Ingilishi kuwa kowanne da kalmarsa dabam. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun kawo irin waɗannan ma'anoni, amma jimla ce take nuna wadda ta dace. Wanda bai saba karatu ba, ba zai iya zaɓe ba.

A Zariyar nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Ya ɗebo labaran Larabawa da na Turawa, ya fahimce su, sa'an nan ya sa musu rigar Hausa. Saboda haka ya kamata malamai su gabatar da karatun labari cikakke, ƙamus ya biyo baya. In ba haka ba, ɗalibi zai ci jarrabawa, ya ci amanar ma'ana.