Tsokaci Kan Yadda Ake Gabatar da Darasin Sigina a Ilmin Kwamfuta

Daga cikin batutuwan ilmin kwamfuta da ake yi wa riƙon sakainar kashi wajen koyarwa akwai batun sigina, wato hanyar da ayyuka masu gudana a cikin babbar manhajar kwamfuta, irin su Unix da Linux, ke bi su ankarar da juna. Wannan tsokaci zai dubi wasu kurakurai da suka zama jiki a darussan share fage, domin duk mai tsara darasin da Hausa zai gaje su matuƙar bai yi hattara ba.

Matsalar farko ta kalma ce. Abin da zai fara zuwa bakin mai fassara shi ne “saƙo”, alhali saƙo yana ɗauke da bayani, ita kuwa sigina ta asali lamba ce kawai. Alal misali, idan mutum ya danna Ctrl da C, lamba 2 ce, mai suna SIGINT, ake aika wa aikin da ke gabansa. Bugu da ƙari, irin wannan sigina ba ta bin layi: idan aiki ya toshe ta na ɗan lokaci, aka aiko masa iri ɗaya har sau biyar, sau ɗaya tak zai karɓa sa'ad da ya buɗe. Ɗalibin da aka ce masa saƙo ne zai zaci guda biyar suna jiransa, ya kuma gina lissafinsa a kan haka. Sai a 1993 ƙa'idar POSIX ta ƙaro wani rukuni mai bin layi da ke ɗaukar ɗan ƙaramin bayani. A ganinmu, a bar kalmar “sigina” yadda take, tun da ko direba ya san siginar mota ankararwa take yi, ba labari take bayarwa ba.

Wadda ta fi wannan illa ita ce ta umurnin kill. Sunan kansa yana da ruɗarwa, kuma fassara shi da “kashe” ƙara wa borno dawaki ne. Aikinsa aika sigina ne, kowace iri. Da shi ake dakatar da aiki da SIGSTOP, a kuma tashe shi da SIGCONT. In ba a faɗi lamba ba, SIGTERM yake aikawa, lamba 15, wadda roƙo ce: aikin na iya tare ta, ya adana abin da ke hannunsa, ya rufe fayilolinsa, sannan ya fita cikin mutunci. SIGKILL kuwa, lamba 9, ba a tare ta, ba a kuma yin biris da ita. Cibiyar babbar manhajar ce ke kawar da aikin ba tare da ya ce uffan ba. Duk bayanin da bai kai ga rubutawa ba ya salwanta ke nan. Amma sau da yawa lamba 9 ake fara nuna wa ɗalibi, saboda ita ce ba ta gardama, sai ya tashi da ɗabi'ar fara wa da ita har ranar da aka damƙa masa rumbun bayanan wata ma'aikata.

Har ila yau, akan tsallake tarihin abin, alhali a nan dalilin yake. A Unix bugu na 7, na 1979, da zarar sigina ta iso sai tsarin ya cire tanadin da aikin ya yi don tarbarta. In ta biyu ta riske shi kafin ya sake tanadi, yana iya mutuwa. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta gyara wannan a 4.2BSD cikin 1983, sannan POSIX ta 1988 ta tsayar da sigaction. Duk da haka misalan aji na ci gaba da amfani da tsohuwar signal, wadda halinta ke sauyawa daga tsari zuwa tsari, har ma da kiran printf a cikin tanadin tarba, abin da ƙa'idar ba ta lamunce ba. A matakin sakandare ya wadatar ɗalibi ya bambance 15 da 9 a aikace. Rubuta tanadin tarba kuwa a jinkirta shi zuwa manyan makarantu, kuma a fara da sigaction.