Ɗan Ibro da Rigar da Ta Ƙi Tuɓuwa

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu marubuta, wato raina finafinan barkwanci da ake kira camama. Da zarar an ambaci sunan Ibro a zauren marubuta sai ka ga ana murmushi ana kau da kai, alhali kuwa da wuya a sami ɗayanmu da ya ƙirƙiro tauraron da ya shiga bakin jama'a kamar yadda Ibro ya shiga. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu ɗan zauna mu yi nazarin abin da marigayi Rabilu Musa ya gina, mu ga inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

Rabilu Musa mutumin Ɗanlasan ne a Jihar Kano, kuma ya yi aikin gidan yari kafin ya tsunduma cikin wasan kwaikwayo. Galibi ana ambaton 'Yar Mai Ganye a matsayin fim ɗin da ya fito da shi. Daga nan sai sunan Ibro ya rufe sunansa na yanka, har ya zama kan kaset: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Ɗan Fulani, Ibro Aloko, da sauransu da dama.

To, wane ne Ibro? Idan mai karatu ya lura zai ga cewa duk rigar da aka sa masa, mutum ɗaya ne a ciki. Ga cika baki ga tsoro, ga kwaɗayi ga wayon da ba ya kai shi ko'ina. Yakan ɗaura ɗamarar abin da ya fi ƙarfinsa, ya zare ido, ya murguɗa baki, ya ɗaga murya, sa'an nan idan ta yi tsami shi ne na farkon cika wandonsa da iska. Wannan hali ba baƙo ba ne a adabinmu. Shi ne Gizo na tatsuniya, wanda kullum dabararsa ke komawa kansa. Haka kuma akwai jinin 'yan kama a jikinsa, waɗanda kan kwaikwayi karatun malamai su mai da shi zancen tuwo da miya. Kafin shi ma an yi Samanja na Usman Baba Pategi da Karkuzu a akwatin talabijin. Saboda haka ƙarin gishirin da yake yi a motsi da magana yana da tushe, shi ya sa jama'a suka karɓe shi ba tare da an yi masu bayani ba.

Babbar gudummawarsa, a ganina, ita ce yadda yake ɗauko manyan al'amuran duniya ya rage masu tsawo har su zo daidai da zauren unguwa. Awilo Longomba mawaƙin Kwango ne da kiɗansa ya mamaye Nijeriya, sai Ibro ya ari shigarsa da rawarsa ya mai da su abin dariya, kuma a cikin dariyar ana yi wa masu kwaikwayon baƙin al'adu shaguɓe. Bayan harin da aka kai Amurka a 2001 da yaƙin Iraƙi na 2003, sunayen Usama da Saddam sun cika gidajen rediyo, mutane na ambatonsu cikin fargaba ko zumuɗi. Ibro ya sa rawaninsu da kakinsu, ya bar halinsa na matsoraci a ciki. Tazarar da ke tsakanin girman sunan da ƙanƙantar mai ɗauke da shi, a nan dariyar take. Wannan dabara ce ta adabi, ko da masu shirin ba su kira ta da wannan suna ba.

Kada kuma a ɗauka wasan ba shi da haƙora. A 2008 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta gurfanar da shi gaban kotun tafi-da-gidanka kan fim ɗin Ibro Aloko, aka yanke masa ɗaurin wata biyu. Tsohon ma'aikacin gidan yari ya koma gidan a matsayin ɗaurarre. Ko me mutum zai ce game da hukuncin, ya nuna cewa mahukunta ba su ɗauki camama abin banza ba.

Sai dai fa inda aka yi tuya dole a ambaci albasa. Da furodusoshi suka gane cewa sunan kaɗai yana sayar da kaset, sai aka daina neman marubuci. A samo riga, a samo suna, a haɗa shi da Ciroki ko Daushe, a kunna kyamara a bar su su yi ta faɗin abin da ya zo bakinsu. Sakamakon haka da yawa daga cikin finafinan ba su da zubi da tsari: fitowa ce ke bin fitowa, babu ƙulli balle warwara, kuma wani lokaci dariyar takan koma kan lafazin wata ƙabila ko naƙasar wani, wanda wannan arahar barkwanci ce. Shi kansa Rabilu rigar ta ƙi tuɓuwa. Mai hazaƙa irin tasa ya cancanci labarin da zai nuna mana Ibro cikin baƙin ciki ko nadama ta gaskiya, amma kasuwa ba ta cika ba shi wannan dama ba, mu ma marubuta ba mu kai masa irin wannan labari ba. Laifin namu ne da nasu.

Darasin da sabon marubuci zai ɗauka shi ne, zare ido da murguɗa baki ba su ne suka yi Ibro ba. Da yawa sun kwaikwayi wannan ba su kai labari ba. Abin da ya riƙe shi shi ne mun san abin da yake so, mun san abin da yake tsoro, har muna iya faɗin abin da zai yi kafin ya yi, kuma duk da haka mu yi dariya. Kafin ka ƙara wa tauraronka gishiri, fara tabbatar da cewa akwai miya a tukunyar.

Rabilu Musa ya rasu a Kano a watan Disamba na 2014. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, mu kuma ya ba mu ikon rubuta barkwancin da ke da ƙashin baya, amin.