Murya da Fuska a Waƙoƙin Finafinan Kano, 1999 zuwa 2007

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin waɗanda suka yi samartaka da 'yan matanci a farkon wannan ƙarni, watau komawa ga waƙoƙin finafinan Kano na wancan zamani. A kan tono su daga tsofaffin kaset a ɗora a YouTube, a yi ta aika wa juna ta wayar hannu, ana cewa a da ne aka yi waƙa mai ma'ana, ta yanzu kuwa hayaniya ce. Wannan takarda ba za ta yi gardama da kewar kowa ba, gama kewa ba ta bukatar hujja. Abin da za ta duba shi ne wanda a ke kewar, da wanda kewar ta tsallake.

Sana'ar fim ta kaset a Kano ta faro ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, amma waƙa ba ta zama ginshiƙinta ba sai bayan Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Daga nan ya zama wuya a sayar da fim in ba waƙa uku ko huɗu a ciki. Kiɗan duka daga fiyano ɗaya kirar Yamaha ya ke fita, mutum guda ya zauna a ɗaki ya kwaikwayi kalangu da sarewa da bandiri da yatsunsa. Fasalin kuwa, saurayi da budurwa suna amsa wa juna cikin lambu suna sauya tufafi, an gado shi ne daga finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na Arewa. A shekarar nan ta 1999 ne kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, abin da ya sa dattawa da yawa suka ɗauki sabon kiɗan a matsayin magajin da bai cancanta ba.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin karɓar da aka yi wa waƙoƙin nan a lokacinsu. An kira su ɓata tarbiyya da kashe al'ada. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, rawar maza da mata tana cikin manyan dalilai, a 2007 kuma aka dakatar da shirya fim na waɗansu watanni, aka ɗaure Adam A. Zango a kan kundin waƙoƙinsa na bidiyo, Bahaushiya. Waƙar da aka hana yaro saurare jiya, ita ce yau yaron ya girma ya ke kafa wa ɗansa hujja da ita. Wannan ba abin mamaki ba ne, haka kowane zamani ya ke yi wa na bayansa.

Inda maganar ta ke da nauyi shi ne wajen suna. A al'adar waƙar Hausa mawaƙi ba ya ɓuya. Na baka ya kan ambaci kansa a tsakiyar waƙa, ya yi wa kansa kirari, ya kira makaɗansa da 'yan amshinsa. Marubucin waƙa kuwa ya kan rufe da sunansa da na garinsu, wani lokaci har da ramzin shekara. Saboda haka ko waƙa ta yi tafiya daga Katsina zuwa Kumasi, tana ɗauke da shaidar mai ita. Waƙar fim ta zo ta yanke wannan igiya, ba kuwa da gangan ba. Tun da ya ke an sa ta ne a bakin wani ɗan sarki ko wata baiwa a cikin labari, ba dama mawaƙi ya ambaci kansa. Ya rera a ɗakin ɗaukar murya, a biya shi, ya tafi gida. Ɗan wasa ya zo ya motsa leɓe a gaban na'urar ɗaukar hoto, mai kallo ya haɗa murya da fuskar da ya gani.

Sakamakon haka a bayyane ya ke cikin maganar masu kewa. Su kan ce waƙar Ali Nuhu, ko waƙar Fati Muhammad, ko waƙar marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2007. Kaɗan ne za su ambaci Misbahu M. Ahmad, ko Rabi Mustapha, ko Mudassir Ƙasim, ko Fati Nijar, alhali muryoyinsu ne su ke sa mutum ya ajiye aikinsa ya saurara. Misali mafi ƙarfi shi ne na Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014. Da yawa daga waƙoƙin barkwanci da a ke jingina masa Sadi Sidi Sharifai ne ya rera su, yana kwaikwayon muryarsa. Gwanintar Sadi ita ta ɓoye shi: da bai iya kwaikwayon sosai ba, da an tambayi wane ne. Waɗanda suka tsira daga wannan rami su ne masu sana'a biyu, kamar Sani Danja da Yakubu Muhammad, ko wadda waƙa ta zame mata laƙabi, kamar Maryam A. Baba da a ke kira Sangandale.

Sa'an nan akwai batun ko lalle waƙoƙin sun fi na yanzu ta wajen harshe. Tun 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa ya ke tafiya, M.K.M. Galadanci kuma ya faɗaɗa bayanin a 1975. Tsawon wasali shi ya ke raba gari na mutane da garin tuwo, hawa da saukar murya kuma su ke raba wuyan jiki da wuyar aiki. Da wannan ma'auni waƙoƙin nan sun kasu biyu. Inda aka ari karin wata waƙar Indiya aka cusa masa kalmomin Hausa, sau da yawa a kan ji an ja gaɓa marar nauyi har ta yi tsawon mai nauyi, an karya kalma don ta cika gurbi, an kawo amsa-amo da kalmar da ba ta da aiki a ɗango. Ƙalbi da ruhi da sahiba sun sha wahala a wannan hanya. Inda kuwa mawaƙi ya gina karinsa daga kalmominsa, kunne ba ya tuntuɓe, kuma waɗannan su ne mutane suka fi riƙewa da ka bayan shekara 20, ko da ya ke ba su san dalili ba.

Masu kewa suna da gaskiya a wuri guda. Waƙoƙin nan zance ne tsakanin mutum biyu, tambaya da amsa, zargi da kare kai, irin wanda a ke ji a dandali da waƙoƙin gaɗa, mace kuma tana da rabin baitoci cif. Ba kasafai a ke samun wannan a waƙar maroƙan fada ba.

Bayan 2007 al'amarin ya juya. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita sun fito da kundayensu da sunayensu, Hamisu Breaker kuma ya cika gari da Jaruma a 2020 kowa ya san mai ita. Mawaƙan shekarun nan takwas su kaɗai suka faɗa tsakani, ba kirarin Shata, ba hoton na yanzu. Mai ɗora waƙa a intanet ya kan yanko ta daga tsakiyar fim, ya bar jerin sunayen da ke ƙarshen kaset, kaset ɗin kuwa zafi da ƙura suna cin sa. Malamin da ya ba ɗalibansa aikin rubuta ɗaya daga waƙoƙin nan su auna gaɓoɓinta, zai tarar layin farko na takardar, inda a ke sa sunan mawaƙi, shi ya fi ba su wuya. Tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta fara a 1999, za su cike waɗansu guraben, sauran kuwa sai an je an tambayi mawaƙan da makaɗan fiyanon da su ke raye a Kano.