Man Zaitun da Lemon Tsami Na Fitar da Tsakuwar Maɗaciya? Mu Duba Wannan Iƙirari

Akwai bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da TikTok masu cewa mutum ya yini da yunwa, da dare ya shanye rabin kofin man zaitun haɗe da lemon tsami, da safe zai ga korayen ƙwallaye a bayan gida, wai tsakuwar maɗaciya ce ta fita. Maganar tana kama hankali ne saboda rabinta gaskiya ce.

Hanta ce ke yin ruwan maɗaciya, kusan rabin lita zuwa lita guda kullum. Ita jakar maɗaciya ajiye shi kawai take yi. Da abinci mai maiƙo ya shiga farkon ƙaramin hanji, sai bangon hanjin ya saki homon ɗin CCK cikin jini, wanda Ivy da Oldberg suka gano a 1928. Shi ke sa jakar ta matse, ya kuma sassauta tsokar da ke tsare bakin bututu, ruwan ya zuba cikin hanji. Ɗan'uwansa sikiritin, da Bayliss da Starling suka gano a Landan a 1902, shi ke ƙara wa maɗaciyar ruwa da sinadarin da ke kashe tsamin da ya gangaro daga ciki.

To, man zaitun zai matse jakar, babu musu. Amma ƙosai ma zai yi hakan, ba wani sirri ba ne.

Ƙwallayen fa? A 2005 mujallar The Lancet ta buga rahoto daga Niyu Zilan, inda aka gwada irin waɗannan "tsakuwoyi" da wata mata ta kawo. Ba a samu kolestarol ko kalsiyam a cikinsu ba, kuma da aka ɗan ɗumama su sai suka narke. Man da lemon ne suka dunƙule a hanji kamar sabulu. Tsakuwarta ta ainihi tana nan a jaka, sai da tiyata aka cire.

Babban laifin masu bidiyon shi ne shirun da suka yi kan haɗari. Bututun maɗaciya siriri ne ƙwarai. Idan CCK ya matse jakar da ke ɗauke da tsakuwa, tana iya maƙalewa a hanya, ta jawo ciwo mai tsanani ko shawara.

Don haka in kana jin ciwo a saman ciki ta hannun dama bayan cin maiƙo, musamman da zazzaɓi ko rawayar ido, ajiye kofin man nan. Je asibiti a yi maka hoton ciki.